Maganin da ke toshe bakin ƙwayoyin gado: zai yi wa Ebola, Lassa da ciwon hanta aiki?

Bello Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tun jiya, wai Turawa sun haɗa wani magani da ke shiga jikin mutum ya rufe bakin ƙwayoyin gadonsa, wai da shi za a riƙa maganin Ebola da zazzaɓin Lassa, kuma nan Afirka za a fara kawo shi. Mai maganar ya ce duk wanda aka yi wa allurar, an taɓa halittarsa ke nan, shi da zuri'arsa. Iyayenmu mata sun ɗauki abin da zafi sosai. Muna da likitoci da masu harhaɗa magani a zauren nan, don Allah a warware mana, da Hausar da kowa zai gane.

Alhaji Ummaru Kanwuri:
Wa alaikumus salam. Ni ma an turo min shi. Mi yah haɗa magani da gadon mutum? Abin da Allah ya halitta a bar shi yadda shi ke. Mu dai ba mu mance abin da anka yi ma yara Kano ba.

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam. Malam Bello, na saurari saƙon har ƙarshe. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, sauran duk ƙari ne. Irin wannan magani yana nan, ba ƙage ba ne, ana kiransa siRNA. Amma ba ya taɓa ƙwayoyin gadon mutum. Kuma a cututtukan da mai maganar ya ambata, ba ma bakin mutum ake toshewa ba, bakin ƙwayar cutar ne.

Bari in kwatanta. Bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo Ebola da Lassa, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, dole sai ya shiga ƙwayoyin jikinmu ya yi amfani da kayan aikinsu. Ku ɗauki kowace ƙwayar jiki kamar shagon tela. Akwai babban littafin awo a kulle cikin ɗaki, shi ne DNA, ba ya fita. Duk abin da za a ɗinka sai a kwafo awonsa a 'yar takarda a miƙa wa tela, 'yar takardar nan ita ce RNA. Bairos kan shigo ya cusa tasa takardar, tela kuma bai san bambanci ba, sai ya yi ta ɗinka masa kaya har shagon ya koma nasa. To maganin nan wani ɗan guntun RNA ne mai harafi kamar 21, an tsara shi ya dace da wani layi a takardar bairos ɗin. In ya shiga, akwai wani furotin da dama yana jikinmu, sunansa Argonaute, sai ya riƙe guntun nan, duk takardar da ya gani mai wannan layin ya datse ta. Ya datse wannan, ya koma kan wata. Littafin da ke ɗaki ba a buɗe shi ba, balle a goge wani abu a ciki. Shi ya sa ma aikin maganin ke ƙarewa bayan makonni ko watanni, sai an sake yi. Abin da ke ƙarewa da kansa ba zai bi mutum zuwa 'ya'yansa ba.

Baba Alhaji, maganar Kano tana wurinta, za mu zo kanta. Ba zan tsallake ta ba.

Sanusi Dundaye:
Allah ya saka da alheri Dakta. In ƙara da cewa wannan dabara ba mutum ya ƙirƙiro ta ba, tarar da ita aka yi a cikin halittu. Wasu masana biyu a Amurka, Andrew Fire da Craig Mello, su suka bayyana ta a 1998, suna bincike kan wata 'yar mitsitsiyar tsutsa, aka ba su kyautar Nobel a 2006. Tsirrai ma da ita suke kare kansu daga bairos, tun da su ba su da irin garkuwar jikinmu. Tumatir da albasar da ke fadamar Kwalkwalawa ta nan Sakkwato suna da wannan tsari a jikinsu. A 2001 aka nuna cewa yana aiki a ƙwayoyin jikin ɗan Adam. Ni abin da ke burge ni shi ne, da zarar an karanta haruffan sabon bairos, cikin ɗan lokaci za a iya zana maganinsa a kwamfuta. Ba sai an shekara goma ana lalube ba. Annoba ta gaba in ta zo, ina ganin da wannan za a tare ta.

Nasiru Famasis:
Sanusi ƙanena, sannu da karatu, amma ka yi gaggawa. Zana magani a kwamfuta daban, ceton mai rai a kan gado daban. An gwada abin nan a kan Ebola, kuma ya kamata zaure ya ji yadda ta kaya.

Wani kamfanin Kanada mai suna Tekmira ya haɗa siRNA na Ebola. A 2010 aka buga sakamakon gwajinsa a birai, ya kare su, duniya ta yi ta murna. Da annobar Yammacin Afirka ta ɓarke a 2014, wadda ta kama mutum fiye da 28,000 ta kashe fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, sai aka tarar irin Ebolar da ke yawo ya ɗan bambanta da wanda aka yi maganin dominsa. Aka sake tsara shi, aka sake gwadawa a birai, suka rayu ko da an fara ba su kwana uku bayan kamuwa. Sai a 2015 aka kai shi Port Loko a Saliyo, masu bincike na jami'ar Oxford suka jagoranci gwajin. Mutum 14 aka ba. 11 suka rasu. Aka tsayar da gwajin don babu alamar yana ƙara yawan masu tsira. Kamfanin ma daga nan ya bar maganar Ebola, ya sauya suna zuwa Arbutus, ya koma kan ciwon hanta.

To ka ji. A yau babu wani siRNA ko guda da aka amince a yi maganin wata cutar bairos da shi. Saƙon da ke cewa ga shi nan tafe na Ebola da Lassa, mai shi bai san inda aka kwana ba.

Sanusi Dundaye:
Yaya Nasiru ban musa lissafinka ba, haka yake. Amma a yi wa maganin adalci. Waɗanda aka ba a Port Loko sun zo cutar ta riga ta ci jikinsu, bairos ya cika jininsu, wasu ƙoda da hanta sun fara gazawa. Biri kuwa an san ranar da ya kamu, an san sa'ar. Maganin da aikinsa hana hayayyafa ne, me zai yi wa wanda ɓarnar ta riga ta auku? Mutum 14 kuma sun yi kaɗan a yanke wa hanya gaba ɗaya hukunci da su. A cutar Marburg, 'yar uwar Ebola, an nuna a 2014 cewa siRNA ya ceci birai daga nau'in Angola, wanda ya fi kowanne kisa.

Nasiru Famasis:
Ai ka faɗi matsalar da bakinka. Majinyacinmu yaushe yake zuwa asibiti? Mutum zai yi zazzaɓi, ya sha maganin maleriya na kemis kwana uku, ya koma na taifod, a jiƙa masa sassaƙe, sai ya daina gane mutane a ɗauko shi a Keke Napep. Maganin da ba ya aiki sai a kwana ukun farko, a wurinmu kusan babu shi. Kuma a Ebola ɗin an riga an samu abin da ya yi aiki a jikin mutane. Gwajin da aka yi a Kwango a 2018 zuwa 2019 ya fitar da magunguna biyu na sinadarin garkuwar jiki, Inmazeb da Ebanga, aka amince da su a 2020. Wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ba su suka rasu, alhali a cikin waɗanda aka ba wasu magungunan a gwajin wajen rabi ne. Ɗaya daga cikinsu ma daga jinin wani ɗan Kwango da ya warke aka samo shi, kuma da hannun masanin ƙasar, Farfesa Muyembe, a aikin. Ga rigakafin Ervebo tun 2019. Wanda ke da kuɗin bincike kan Ebola yau, ba zan ce ya zuba a siRNA ba.

Bello Mabera:
To Lassa fa? Ita ce tamu ta gida, duk rani sai an ji ta.

Dakta Hadiza:
Lassa tamu ce kam, a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano ta a 1969, ɓera ke yaɗa ta ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Ondo, Edo, Bauchi da Taraba su suka fi fama. Har yanzu babu rigakafin da aka amince da shi, ribavirin ake bayarwa, shi ma sai an fara da wuri, kuma masana na ta ja-in-ja kan ƙarfin amfaninsa. Don haka buƙatar sabon magani a fili take. Sai dai Lassa tana da wani hali da ke wahalar da siRNA: nau'o'inta sun bambanta da juna sosai. Wadda ke kudu haruffanta ba ɗaya ba ne da wadda ke tsakiya da arewacin ƙasar nan, ta Saliyo kuma daban. Shi kuwa maganin, harafi ɗaya ko biyu in suka saɓa a wuri mai muhimmanci, sai ya kasa gane abin da zai datse. Bairos ma yana iya sauya harafin yana cikin jikin majinyaci ya kuɓuce. Shi ya sa ake haɗa guntaye biyu ko uku masu kai hari wurare daban-daban. An yi gwaji a ɗakin bincike, amma maganar kawo shi asibiti ba ta taso ba.

Sista Kulu:
Ku yi haƙuri in katse ku. Tun ɗazu ana Ebola da Marburg, cututtukan da a jiharmu sai dai mu ji a rediyo. Ebola ta shigo Najeriya a 2014 ta Legas, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Adadevoh da ta hana mai cutar fita daga asibiti. A watan Oktoba aka ce an gama da ita. Mu nan abin da ya iso mana shi ne wankan ruwan gishiri da tsakar dare, kowa ya tuna.

Bairos ɗin da ke kashe mana mutane kullum, a natse, ba wanda ke yi masa saƙon murya: ciwon hanta nau'in B. Ina aiki a ɗakin maza. Za a kawo maka magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura yana sheƙi har cibiya ta turo, hannuwa kuwa sun tsotse. Ka ɗaga rigarsa ka ga sawun tsaga da ƙaho jere a gefen dama, an yi ta fama a gida ana cewa shawara ce ko sammu. Ƙaninsa na tsaye riƙe da ledar magani yana tambayar ko za a sallame su kafin kaka, don gona. Hoto ya riga ya nuna daji a hanta. Me za ka ce masa? Wannan mutum tun yana jariri ya kamu, bai taɓa sani ba.

Dakta, na ji an ce maganin nan da kuke magana a kai ya fi dacewa da hanta. Gaskiya ne?

Dakta Hadiza:
Sista kin kawo mu inda ya kamata. Gaskiya ne, kuma a ganina nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye.

Babbar wahalar siRNA tun farko ita ce isar da shi. In aka zuba shi haka nan a jini, nan da nan yake lalacewa, ƙoda ta fitar da shi. Kusan shekara ashirin aka yi ana neman yadda za a kai shi cikin ƙwayar jiki. Hanya biyu suka yi nasara. Ta farko, a naɗe shi cikin wasu 'yan ƙananan ƙwallayen kitse, a ba da shi ta ƙarin ruwa. Ta biyu, a maƙala masa wani nau'in sukari da ƙwayoyin hanta ke cafkewa da kansu, a yi allura a ƙarƙashin fata. Duk hanyoyin biyu hanta suke nufa. Na farko da aka amince da shi a duniya, patisiran na kamfanin Alnylam a 2018, na wata cutar gado ce da furotin ɗinta a hanta ake yin sa. Inclisiran na rage mugun kitse a jini, shi ma a hanta yake aiki, bayan allurai biyun farko sai duk wata shida. Ebola da Lassa kuwa ba hanta kaɗai suke zama ba, suna bazuwa ko'ina cikin kwanaki. Bairos ɗin ciwon hanta B gidansa hanta, kuma shekaru yake yi a can, ba gaggawar kwana uku.

Abin da ke sa ciwon hanta B wuyar warkewa: yana ajiye kwafin kansa a can cikin ƙwayar hanta, sannan yana ambaliyar wani furotin a jini, HBsAg, wanda shi ne gwajin da ake yi ke ganowa. Yawan furotin nan yana gajiyar da garkuwar jiki har ta daina faɗa. Tenofovir da muke bayarwa yana danne hayayyafar bairos sosai, yana kare hanta, amma ba kasafai yake kawar da furotin ɗin ba, shi ya sa mafi yawan masu sha ba sa dainawa. Tunanin masu bincike shi ne a toshe saƙon da ke sa a yi furotin ɗin, ya ragu ƙwarai, ko garkuwar jiki ta farfaɗo ta riƙe cutar da kanta, mutum ya ajiye magani. Kamfanoni da dama na gwada nasu siRNA kan haka. Suna sauke furotin ɗin sosai, amma su kaɗai, in an tsaya yakan dawo a mafi yawan mutane, shi ya sa ake haɗa su da wasu magungunan. Akwai wani ɗan uwansu, bepirovirsen na kamfanin GSK: a gwajin da aka buga a 2022, wajen mutum 9 zuwa 10 cikin 100 ne furotin da bairos ɗin suka ɓace daga jininsu suka zauna haka watanni shida bayan an daina. Daga nan aka wuce da shi babban gwaji na mataki na uku. Goma cikin ɗari ba yawa ba ne, amma a cutar da mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta na 2022, ba abin rainawa ba ne. A Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na manya suna da ita.

Abu Fatima:
Ni ina cikinsu. Jini na je bayarwa don matar yayana da ta haihu, aka ce nawa ba zai yiwu ba, in ga likita. Ban taɓa jin ciwon komai ba. Yanzu kullum da safe sai ƙwaya. Wani lokaci kuɗin gwajin yawan bairos ɗin ya fi ƙarfina sai in ɗaga. In da gaske akwai allurar da za a yi na wasu watanni a huta, wallahi ko gwaji ne ni zan shiga.

Alhaji Ummaru Kanwuri:
Kai yaro, Allah shi ba ka lahiya, amma kak ka yi saurin miƙa hannu. Mu mun ga jiya. Shekarar sanƙarau, 1996, kamfanin Pfizer ya zo Kano da magani nai Trovan, yara wajen 200 anka sa cikin gwajin, 11 sunka rasu, wasu sunka nakasa. Iyaye sunka ce ba a gaya musu gwaji na ba. Sai 2009 anka sasanta da gwamnatin Kano. Wanga shi yas sa mutane sunka guje ma allurar shan inna a 2003, sai da sarakuna da malamai sunka tashi tsaye, har Mai Alfarma Sarkin Musulmi, kahin hankali ya kwanta. Yanzu kuma a ce ga wani mai shiga cikin ƙwayar jiki? Wa za ya tsaya muna in abu ya ɓaci?

Dakta Hadiza:
Baba, abin da ka faɗa ya faru, kuma duk likitan da ya ce a manta da shi bai kyauta ba. Tambayarka ta ƙarshe ita ce tambayar. Ga abin da ya wajaba kafin a taɓa kowa: NAFDAC ta amince, kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa da na asibitin su duba, a karanta wa mutum takardar yarda da Hausa, a gaya masa illolin da aka sani, a gaya masa yana iya fita duk ranar da ya so ba tare da an hana shi kulawa ba, a kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyinsa in ya cutu. Kuma illoli akwai su. Na Ebola ɗin nan, hukumar magunguna ta Amurka ta taɓa dakatar da gwajinsa a 2014 saboda ya tayar da garkuwar jikin wasu masu lafiya da aka ba. Na ciwon hanta kan sa awon hanta ya hau na ɗan lokaci, dole a riƙa bibiya.

Amma Baba, ƙin shiga gwaji ma yana da nasa hasara. Bairos ɗin ciwon hanta B iri-iri ne. Wanda ya fi yawa a Yammacin Afirka shi ne nau'in E, kuma yawancin gwaje-gwajen nan a Asiya da Turai da Amurka ake yin su, inda wasu nau'o'in ne suka fi yawa. In ba a gwada a jikin masu irin namu ba, ranar da maganin ya fito za a ba mu ne a kan zato.

Alaramma Malam Sidi:
Assalamu alaikum. Ta fuskar addini, neman magani ba jayayya da ƙaddara ba ne. Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Magabatanmu a garin nan ba su ɗauki ilimin likitanci baƙo ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basir da na ciwon ido. In bayanin Dakta haka yake, cewa ba a sauya halittar mutum ba, cutar ake datsewa, ban ga abin ƙyama ba. Amma sharaɗin Alhaji yana nan daram: ba ya halatta a gwada abu a jikin mutum bai sani ba, ko a yi amfani da talaucinsa a ja shi. Sannan mai yaɗa saƙon da bai tabbatar ba ya ji tsoron Allah. In wata uwa ta ji, ta hana ɗanta rigakafi saboda shi, yana da kamasho.

Nasiru Famasis:
Allah ya gafarta Malam, haka ne. Ni kuma bari in dawo da mu kan aljihu, don a nan nake tsaye kullum ina kallon mutum yana ƙirga canji ya ce a ba shi rabin kati. Patisiran da ya fito, kuɗinsa na shekara a Amurka wajen dala 450,000 ne. Shi kuma firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a garin da watan Afrilu ke haura 40, wuta kuma kun san halinta. Masu sukarin nan sun fi sauƙi, inclisiran ba ya buƙatar firji, amma zafin ɗakin da suke nufi ba irin na shagona ba ne da azahar. Ko an amince da na ciwon hanta gobe, kafin ya iso Asibitin Koyarwa na Danfodiyo a farashin da Abu Fatima zai iya, shekaru ne.

Sanusi Dundaye:
Haka aka ce a kan maganin ƙanjamau, Yaya. Da farko dubban daloli ne a shekara, aka yi ta matsa lamba har kamfanonin Indiya suka riƙa yin sa da araha, yau kyauta ake karɓa. Tenofovir ɗin ma ta wannan hanyar ya sauko. Shi siRNA ba a cikin halitta mai rai ake noma shi ba, inji ke jera haruffansa, don haka ba dole ya dawwama da tsada ba. Kuma allura sau biyu a shekara ta fi dacewa da mutumin Tangaza ko Gudu fiye da ƙwayar kullum da ke yankewa.

Nasiru Famasis:
Na yarda da rabin maganarka, ta ƙarshen. Amma na ƙanjamau bai sauko da kansa ba, duniya ce ta zuba kuɗi. Ciwon hanta B ya kashe wajen mutum miliyan 1.1 a 2022, wa ka ji yana masa gangami? Har yau mai ƙanjamau na karɓar tenofovir kyauta cikin haɗin maganinsa, mai ciwon hanta kuwa a mafi yawan wurare saya yake yi.

Hajiya Asabe Runjin Sambo:
Ni ba likita ba ce, tambaya gare ni. Surukata na da ciki wata bakwai, an gwada ta a awo an ce tana da shi. Sai mu jira wannan sabon maganin ko yaya? Kuma za ta iya shayarwa?

Sista Kulu:
Hajiya kada ku jira komai, abin da zai kare jikanki yana nan a hannu, kuma rigakafin kyauta ne. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma da cutar suke girma. Babba in ya kamu, mafi yawa jikinsu na kawar da ita. Don haka ranar haihuwa ita ce ranar. Akwai allurar ciwon hanta da ake yi cikin sa'a 24 na farko, sannan sauran su biyo a sati 6, 10 da 14 cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar. Ta koma wurin likita yanzu a auna yawan bairos a jininta, in ya yi yawa ana ba mai ciki tenofovir a watannin ƙarshe don rage haɗarin. Ku yi ƙoƙari ta haihu a asibiti. In haihuwa ta zo a gida, kamar yadda take zo wa mafi yawan matanmu, a naɗe jaririn a kawo shi a ranar, kada a ce sai an yi suna ko sai an gama wankan jego. Shayarwa kuwa ta shayar, in an yi masa rigakafin babu laifi.

Sai ranar suna. Wanzami zai zo da zabirarsa, ya yi aski, wani ya cire belu, da askar da ya yi wa wani gida aiki da safe, ya goge ta a tsumma. Ku sayi sabuwar reza ku ba shi, belun kuma a bar wa yaro abinsa. Mijinta da sauran yaran gidan duk a gwada su, wanda ba ya da shi a yi masa rigakafi.

Abu Fatima:
Sista ni ma sai bayan nawa aka gwada gidanmu, aka samu mahaifiyarmu da ƙannena biyu. Dakta, akwai abin da zan kiyaye ban da ƙwayar?

Dakta Hadiza:
Akwai. Kada ka tsayar da ƙwayar da kanka ko ka ji garau, tsayarwa farat ɗaya na iya tayar da ciwon da ƙarfi. Ka guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, da ƙuli-ƙulin da ba ka san irin gyaɗar da aka yi shi da ita ba, saboda gubar fumfunar nan in ta haɗu da wannan bairos tana ninka haɗarin dajin hanta. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a mota da lasifika wai suna wanke hanta, ka bar su, mun sha karɓar waɗanda su suka ƙarasa musu hantar. Ka riƙa yin hoton ciki duk wata shida in likitanka ya ce kana cikin masu buƙata. Ƙannenka kuma su je a duba ko sun kai matakin fara magani, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan farawa a 2024, wanda aka ce wa ya jira a da yana iya cancanta yanzu. In wata rana aka kawo gwajin sabon maganin nan garin nan ta hanyar da ta dace, ka zo da takardar yardar mu karanta tare kafin ka sa hannu.

Alhaji Ummaru Kanwuri:
To Dakta, na ji bayani. Batun gwaji dai ni har yanzu ban sakankance ba, sai na ga wanda za ya tsaya muna. Amma awon jinin ga, ina aka yin shi, kuma sai mutum ya yi azumi?

Sista Kulu:
Ba a azumi Baba, ɗigon jini ne a yatsa, minti ashirin an gama. Asibitin Ƙwararru da na Koyarwa duk suna yi, da ɗakunan gwaji masu rajista a cikin gari. Ka ce gwajin ciwon hanta B kake so. Ka taho da su Hajiya duka.